Kifi Sha Huɗu da Almakashi Ɗaya

"Ƙarfe sha biyu za su kashe su! Kana ina ne wai, Oddvar?"

Muryar Magnar ce a waya, kamar za ta fasa masa kunne. Oddvar Kvamme bai tsaya ɗaure igiyar takalmi ba, ya faɗa mota, ya bar ƙofar gida a buɗe da gahawarsa tana tururi a kan tebur. Ya bi gangaren bakin kogi da gudun da ba a yi a wannan hanya, ruwan sama na dukan gilashi. Agogon motar ya nuna goma da kwata.

Tun daga kwanar coci ya hango farar motar hukumar lafiyar dabbobi a ƙofar ɗakin ƙyanƙyasar ƙwan kifi. Mutanen garin Brekkevik sun fi talatin a tsaye cikin rigunan ruwa, wasu ma da tarakta suka zo. Can ƙasa da su, inda kogi ya faɗa teku, kejunan kamfanin kiwon kifi goma sha biyu suna nan jere a kan ruwa kamar kullum.

A cikin ɗakin ƙyanƙyasar akwai tankuna biyu, a cikinsu akwai manyan kifin salmon goma sha huɗu, mata takwas, maza shida. Su ke nan aka samu daga Kogin Brekka a bana, bayan mako uku ana shiga ruwan sanyi da raga. Wata mai zuwa ya kamata a tatsi ƙwansu, a rena 'ya'yan, a mayar da su kogi. A zamanin baban Oddvar a yini ɗaya ake kama ɗari. Yanzu kowa ya sani, in aka rasa waɗannan sha huɗun, da wuya a sake haɗa irin kifin kogin.

"Ga Shugaba nan! Ku ba shi hanya!"

Magnar, tsohon matuƙin jirgin fito, ya cafko hannunsa tun bai gama fitowa ba. Ƙaton mutum ne, gemunsa jiƙe sharkaf.

"Shekara nawa kana faɗa musu? Ga shi nan ya faru. Sun zuba mana cutarsu a kogi, kuma namu kifin za a kashe, nasu suna can suna ƙiba. Na kira 'yar jarida, tana hanya. Yau sai ka yi musu wankin babban bargo, tsoho."

"Bari in ga takardar tukuna."

"Wace takarda kuma? Ɗaga kanka ka dubi teku, ga takarda can guda goma sha biyu!"

Jama'a suka ɗauka da hayaniya. Shekara sha tara Oddvar yana shugabancin ƙungiyar masu kogi. Ya yi magana a rediyo, ya yi faɗa a majalisar gari, a bayan motarsa ma akwai sitika mai cewa BA NA CIN KIFIN KEJI. Duk idon da ke wurin shi yake jira. Ya sunkuyar da kai ya shige ciki.

Ingunn Sæle, likitar kifi ta hukuma, tana tsaye a bakin tanki da takardu a hannu. Ma'aikata biyu suna sa fararen riguna, ga jarkar maganin da za a zuba a ruwan a ajiye a gefe. Shekara goma sha ɗaya ke nan Oddvar yana ɗaukar mata samfuri kyauta. Duk kaka sai ya sa almakashi ya ɗan yanki jan naman da kifi ke numfashi da shi, ƙanƙani kamar ƙwayar shinkafa, ya sa a 'yar kwalba, ya aika ɗakin gwaji, don a ga ko cututtukan kejuna sun fara shiga kifin kogi. Ba a taɓa samun komai mai tsanani ba sai yau.

"Sannu, Oddvar. Ban so zuwa da wannan labari ba," in ji ta. "Cutar nan ce mai cinye jinin kifi. An same ta a duka kwalabe sha huɗu. Ka san abin da doka ta ce."

"Dube su mana, Ingunn. Waɗannan sun yi kama da marasa lafiya?"

Wata babbar macen kifi ta juya a ƙasan tanki, bayanta baƙi, wutsiyarta faffaɗa kamar shebur.

"Ba su yi ba. Shi ya sa na hana a zuba magani sai ka zo." Ta kalli ma'aikatan. "Ku je ku sha gahawa."

Da suka fita ta miƙa masa takardar, ta ɗora yatsa a kan jerin lambobi.

"Kwalba ta farko, ƙwayar cutar ta cika ta. Ta biyu, ta ragu. Ta uku ta ƙara raguwa. Haka har ta sha huɗu, wadda da ƙyar na'ura ta gani. Cuta ba ta bin layi kamar 'yan makaranta, Oddvar. Abin da ke bin layi shi ne kayan aiki."

Oddvar ya dubi teburin ƙarfen da ke jikin bango, ya yi saurin kawar da ido.

"Yadda na saba na yi," ya ce. "Sifirit mai kashe ƙwayar cuta, wuta, sabuwar safar hannu ga kowane kifi."

"Ka tabbata?"

"Yau na fara?"

Ta karɓe takardar.

"To shi ke nan. Zargi ba ya tsayar da umarni. In akwai wata hanya da cutar ta bi ta hau almakashinka, a rubuce nake so, da sa hannu, sai in kira ofis in nemi a sake gwaji. In babu, sha biyu daidai."

Oddvar ya fita ta ƙofar baya, inda bututu ke mayar da ruwa kogi. Ya jingina da bango.

Asabar ɗin ƙarshe ta Satumba ake cin abincin kogi a zauren gari, kuma tun zamanin kakansa gidan Kvamme ke kawo bandar kifi, domin su ke da gurbi mafi kyau a kogin. Ba a yanka shi a gida. Ɗungurungum ake shigo da shi a kan katako, da kai da wutsiya, kowa ya miƙe tsaye ana tafi, sannan a ci da dankali da kirim mai tsami. Shekara uku ke nan Oddvar bai kama ko ɗaya ba. Kafaɗarsa ta daina jifan ƙugiya, kifin ma babu. A shekarar farko ya yi niyyar faɗa musu gaskiya, sai Magnar ya dafa shi a kanti yana cewa ko kogi ya ƙafe gidan Kvamme ba sa ba mu kunya. Da yammacin ranar ya je wurin Audun, ƙanen matarsa, wanda ke aiki a jirgin kejuna, ya roƙe shi kifi.

Kifin keji kuwa ko yaro ya san shi. Wutsiyarsa a cinye take, fukafukansa duk sun zaizaye saboda gogar raga. Don haka sai Oddvar ya zauna ya gyara su, ya datse gefe-gefe har su fito da tsini kamar na kifin kogi, hayaƙi ya rufe sauran. Shekara biyu a rumfar bayan gida ya yi. Bana matarsa Solfrid tana fentin rumfar, sai ya kawo kifi shida nan ɗakin ƙyanƙyasa, tunda shi kaɗai ke da mabuɗi, ga ruwa, ga tebur. Almakashin da ya fi kaifi a wurin shi ne na ɗaukar samfuri. Da ya gama, ƙarnin ya ƙi fita, ya juye kwalbar sifirit gaba ɗaya ya goge teburin. Washegari da safe motar ɗakin gwaji za ta zo ƙarfe goma, babu sifirit ko ɗigo. Ya ɗauraye almakashin a famfo, ya ce ai ba komai.

Ya ciro waya. Audun ya ɗauka, ana jin ƙarar inji a bayansa.

"Suruki, na ji labari. Sannu."

"Kifin da ka ba ni, daga ina ka ɗebo su?"

Ƙarar injin ta yi nisa, alamar ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

"Me ya kawo wannan tambaya?"

"Audun, daga ina?"

"Keji na bakwai. Waɗanda ke yawo a hankali a gefen raga, su ne ake iya kamfata da hannu ba wanda ya lura. Kai ma ai ba ka tambaya ba."

"Marasa lafiya ka ba ni?"

"Ba sa cutar da mutum, ka sani. Mu ma ba a ce mana komai ba, an dai ce mu riƙa kwashe matattu da sassafe, kar mu yi surutu." Muryarsa ta sauya. "Tsaya. Me ya haɗa kifina da tankinka?"

Oddvar ya faɗa masa a jimla uku.

"Kai! A ɗakin ƙyanƙyasa? Kai da ke tsare baƙi a bakin kogi kana sa su wanke takalmi da magani? Kanka ɗaya kuwa?"

"Zan faɗa wa Ingunn."

"Za ka faɗa mata me? Ka ji ni da kyau. Na sa hannu a takarda cewa ko ɓawon kifi ba zan fitar daga kejin nan ba. In sunana ya fito, ba jirgin da zai sake ɗaukata daga nan har arewa. 'Ya'yana uku. Taimakonka na yi, kai da bakinka ka zo kana roƙona kamar za ka yi kuka. Kifi ne fa, Oddvar, kifi sha huɗu!"

Oddvar ya kashe wayar.

"Da wa kake faɗa a bayan ɗaki?"

Solfrid ce, da fulas a hannu da kwandon burodi da cuku, ta zo ciyar da masu zanga-zanga kamar yadda ta saba. Ta dubi fuskarsa sau ɗaya ta ajiye kwandon a kan dutse.

"Da Audun," ya ce. "Solfrid, bandar nan ta abincin kogi..."

"Ta keji ce. Na sani."

Oddvar ya sa wayar a aljihu, ya juyo ya dube ta.

"Shekara arba'in ina wanke katakon nan. Kifin kogi ba ya barin kitse haka, sai na yi ruwan zafi uku kafin ya fita. Na ce in mutum ya tsufa a bar masa abu ɗaya da zai riƙe." Ta gyara hular rigarta. "To me ya tayar da ita yau?"

Da ya gaya mata zancen almakashi, sai ta zauna a kan dutsen kusa da kwandon, cikin ruwan sama.

"Wayyo, Oddvar. Wannan kam ban sani ba."

"In na yi shiru, kowa zai ce kamfani ne. Ba ma ƙarya ba ne gaba ɗaya, cutar tasu ce."

"E. Za a sa hotonka a jarida, za a yi maka tafi. Kifin kuma su tafi a baƙar leda."

"In na yi magana fa? Ina zan sa fuskata a garin nan?"

"Inda ka sa ta shekara uku." Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. "Ni ba zan ce ka yi ko kar ka yi ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ƙanena ne. Kar sunansa ya fito daga bakinka."

Sha biyu saura kwata. Daga gaban ɗaki aka fara kiran sunansa.

Da ya zagayo, 'yar jaridar ta iso, ta kafa kyamara a kan ƙafafu uku. Magnar ya jawo akwatin kifi ya kife shi a ƙasa.

"Hau nan, Shugaba. Faɗa wa ƙasa baki ɗaya wa ya kashe Kogin Brekka."

Ta ƙofar da ke buɗe Oddvar ya hango ma'aikaci ɗaya yana kwance murfin jarka. Ingunn tana bakin ƙofa, tana duban agogon hannunta. Zai iya wucewa ya ja ta gefe ya raɗa mata. Amma takarda za ta shiga ofis, daga ofis ta fito gari kafin Lahadi, a ji ta a bakin wani. Ya hau akwatin.

"Ingunn, ki ce ya rufe jarkar nan."

Aka yi tafi. Wani ya danna hon ɗin tarakta.

"Ku daina tafin." Muryarsa ta fito siririya, kamar ba tasa ba. "Cutar da aka gani, ni na kawo ta ɗakin nan. A kan almakashina take. Kwana ɗaya kafin in ɗauki samfuri, na gyara kifin keji guda shida a kan teburin can, da almakashin gwaji. Ban wanke shi da magani ba."

Ruwa kawai ke sauka a kan rigunan roba.

"Kifin keji?" in ji Magnar, yana murmushin wanda bai gane wasa ba. "Me za ka yi da kifin keji, kai?"

"Shi kuka ci a zaure. Bana, da bara, da bara waccan. Ban kama komai ba tun shekara uku. Datse musu wutsiya nake yi don kar ku gane."

Wata mata a baya ta saki dariya guda ɗaya, ta toshe baki. Wani dattijo ya cire hularsa ya sake mayarwa. Oddvar ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Jar fitilar kyamara tana nan a kunne.

Magnar ya matso har gemunsa ya kusa taɓa ƙirjin Oddvar.

"Faranti uku na ci," ya ce a hankali. "Na ɗauko jikata daga birni, na sa mata a baki da hannuna, na ce ɗanɗana ki ji kogin kakanninki. Na miƙe na yi jawabi cewa ko an rufe mini ido zan bambanta shi da ƙazantar keji. Kana zaune kana gyaɗa kai."

"Haka ne."

"Haka ne? Abin da za ka ce ke nan?"

"Ba ni da wani, Magnar."

"Da ka ce ba ka kama ba, da mun ci dankali da gishiri mun yi maka tsiya, shi ke nan! Wa ya ce maka kifin muke zuwa ci?" Ya juya ga 'yar jaridar. "Ke kuma kashe abin nan, ba ki ga ana zancen gida ba?"

Ba ta kashe ba.

Ingunn ta kira shi ciki. A kan teburin ƙarfen nan ya rubuta bayaninsa, ya sa hannu da kwanan wata. Ta karanta, ta fita da waya. Yana jin ta ta bango tana maimaita wa wani, "E, shi da kansa. E, a gaban jama'a." Sha biyu ta wuce da minti bakwai kafin ta dawo.

"Sun ba da kwana biyar. An killace ɗakin nan, ba shiga ba fita. Ni zan ɗauki sabon samfuri da kayana."

Oddvar ya dafa bakin tanki, ya saki numfashi.

"Kar ka yi saurin murna," in ji ta. "Da almakashin nan ka yanki naman kowannensu. In a kan ƙarfe kawai cutar ta tsaya, za su rayu. In ta shiga jininsu, ranar Litinin zan dawo da jarkar, kuma a ranar ba kamfani za a ambata ba."

"Na gane."

"Wa ya ba ka kifin?"

"Ni na samo."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba. Akwai kejin da ke da cutar nan ba a sanar da mu ba, kuma ruwan da ke wucewa ta cikinsa shi kifin kogi ke bi."

"Ni na samo, Ingunn."

Ta rubuta wani abu, ba ta ɗago ba.

"Za a zo a sake tambayarka, kuma ba ni ba ce. Kawo mabuɗin."

Ya ciro shi daga zoben, farcensa ya karye wajen buɗewa. Mabuɗin babansa ne, ya sha hannu har ya yi santsi. Ta sa a aljihu.

A waje mutane sun watse. Taraktoci sun bar sawu a cikin laka. Ba wanda ya taɓa burodin Solfrid, tana tsaye ita kaɗai tana rufe kwandon. Magnar yana cikin motarsa bai tayar ba. Da Oddvar ya zo wucewa sai ya sauke gilashi kaɗan.

"Gobe ƙarfe bakwai akwai taron ƙungiya. Ka zo da littafin rajista da hatimi."

"Zan zo."

"Kuma ka ci abinci kafin ka zo, ka yi fari kamar gawa." Ya ɗaga gilashin ya ja mota.

Oddvar ya ɗauki kwandon, Solfrid ta ɗauki fulas. Ba su kai ga motarsu ba wata baƙar mota mai lambar birni ta gangaro daga kwanar coci, a hankali, tana kauce wa ramuka. Ta tsaya daidai bayan tasu, ta tare hanyar fita. Wani dogon mutum ya fito, ya buɗe lema, ya tsallake laka da takalmin da bai taɓa ganin bakin kogi ba. Babu wanda ya san shi a Brekkevik.

"Oddvar Kvamme?" Ya miƙo hannu yana murmushi. "Na kalli jawabinka a waya ina hanya, ya riga ya zaga ko'ina. Sunana Eilif Rønning, daga babban ofishin kamfani." Ya juya ga Solfrid, ya ɗan rusuna. "Ke ce yayar Audun, ko? Madalla, na same ku tare. Akwai kyamara a kan kowane keji namu, har da na bakwai, ban sani ba ko an taɓa gaya muku. Ina ganin gara mu zauna mu uku mu sha gahawa, kafin hukuma ta ƙwanƙwasa muku ƙofa."